Gefen Gaisuwa

Ku matasan majami'a kun ce in rubuta muku yadda muka yi aikin kaset a da, ku sa cikin takardar taronku. Ranar da kuka zo, ina ji ɗayanku ya ce da ɗan'uwansa, "Ai aikinsu danna maɓalli ne kurum." Ga amsar nan a rubuce. Aji biyar na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, aka koro ni, saboda haka wanda rubutun bai yi masa ba, sai ya gyara da kansa.

Sunana Ayuba, amma daga Madarunfa har Gabi ba wanda ya san ni sai da Mai Kaset.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Malam Idi mai gyaran rediyo a Maraɗi shi ne hura gawayi. Ƙarfen dalmarsa ba na lantarki ba ne, cikin garwashi ake tura shi sai ya yi zafi a miƙa masa. In ya yi sanyi, ranƙwashi. In ya wuce ƙima ya ƙona wayar mutane, ranƙwashi biyu. Na yi shekara cur a kan wannan kafin ya bar ni in kwance ƙusa ɗaya. Malam Idi Musulmi ne, ya kuma san ni ɗan majami'a ne, bai taɓa ce mini uffan a kai ba, sai ran Lahadi ya ce, "Tahi ka yi ibadar taka ka dawo, rediyon mutane bai san Lahadi ba."

A wurinsa na koyi manyeto, wato rediyo mai cin kaset. Yakan ce kunne ke gyara, hannu ɗan aike ne. Ya sa kaset ya ce in saurara. In murya tana ja kamar ta mashayi, robar da ke juya kaset ce ta saki. In tana fitowa kamar daga cikin tulu, kan da ke karanta zaren kaset ne ya yi dauɗa. In manyeto tana tauna zare, ƴar tayar da ke matse shi ce ta cinye. Kayan aikina duka ba su cika jakar fata ɗaya ba: turnabis uku na kwance ƙusa, ƙarfen dalma, reza, auduga da alkol na goge kai, alƙalamin bik na nannaɗe zare, da jan farcen mata na liƙa zaren da ya tsinke. Roba kuwa daga tsohuwar robar cikin tayar keke nake yankowa. Ku yanka zobe siriri daidai wa daida da reza, ba kauri nan sirantaka can, sa'an nan ku zo ku ce mini danna maɓalli ne.

Farkon shekarun casa'in Pasto Dauda ya kira ni gida Madarunfa. A lokacin akwai ƙananan taron masu bi guda shida warwatse a karkara, wasu wajen Safo, wasu wajen Sarkin Yamma, na ƙarshe wata tunga can bayan Gabi da muke kira Tungar Arzika. Ba mai bishara ko ɗaya a cikinsu, wanda ya iya karatu ma sai an tona. Yawancinsu manoma ne da suka fito daga addinin gargajiya, gida biyu ko uku a tsakiyar dangi da maƙwabta. Pasto ba shi da ƙafa shida. Sai aka samo manyeto shida aka raba, aka ce ni ne zan riƙa ɗaukar wa'azi ina kula da su.

Ɗaukar wa'azi ran Lahadi ba wasa ba ne. Zan ɗora manyeto kan turmin da aka kife a gaban Pasto, in shimfiɗa mata tsumma don kada ta ɗauki rawar ƙasa. Pasto ya kai tsakiyar magana, jaki ya ɓarke da kuka bayan danga. Ko jariri ya tsala ihu. Ko pil, wato batir, ya yi sanyi ban lura ba, in zo saurare in ji Pasto yana magana kamar ɗan tsako. Sai in bi shi gida ya sake daga farko, yana harara ta. Kwafi kuma da manyeto biyu nake yi, na haɗa su da waya. Wa'azin rabin awa, kwafinsa rabin awa, ina zaune ba motsi. Kaset ma ba shi da yawa. Saboda haka ba kowace tunga ke samun nata ba. Kaset ɗaya ne ke zagayawa: waɗannan su saurara ran Lahadi, cikin mako wani daga cikinsu ya ɗauka a aljihu ya taka ya kai wa na gaba.

Wa'azin Pasto gefe ɗaya yake cikawa. Ɗaya gefen babu komai. Wanda ya fara taɓa shi Baba Arzika ne, tsohon da tungar ta ci sunansa, dogo mai haƙori uku, wanda ba ya ganin abu bai latsa ba. Ran nan kaset ya gama zagaye ya dawo hannuna, na juya bayansa don in tabbatar ba abin da ya same shi, sai na ji tari, sai murya:

"Abin ga shina ji na? Hannatu, shina ji? To. Ni ne Arzika. Ina gaida mutanen Safo, manya da yara. Ina gaida Mati. Mati, akuyar nan da ka saida mini kana dariya, ta haihu biyu. Kada baƙin ciki shi kashe ka, muna bukatarka wajen waƙa. Ruwa ya sauka nan ran Talata. Ƙahwar Hannatu ta yi sauƙi. Ku sa mu cikin addu'a. Yaya ake kashe shi?"

Hannatu ɗiyarsa ce, mijinta ya rasu ta dawo gida tana kula da shi. Ita ta kashe.

Na yi niyyar gogewa, Pasto ya ce in bari. Zagaye na gaba sai ga Mati, dattijon taron wajen Safo, ya mayar da martani: wai akuya ta haifi biyu ne don ta ga gidan da ta faɗa ba abinci, tana neman masu taya ta kuka. Daga nan abu ya kankama. Kowa ya koyi danna jan maɓallin nan na ɗaukar murya. Gaba wa'azi, baya gaisuwa. Wance ta haihu. Wane ciwon ido ya kama shi. Wa ke da irin wake mai saurin nuna? Mata su taru su rera waƙa ɗaya su ce ta mutanen Sarkin Yamma ce, su rama in sun isa. Har rigima ake yi kan wa zai kai kaset, don mai kaiwa yana son ya zauna ya ga fuskokinsu sa'ad da muryarsa ta fito. In ya je kuwa ba ya juyowa a ranar. Zai ci tuwo, ya duba marar lafiya, ya ga gona, ya dawo da labarin da ba a faɗi cikin kaset ba. Aure biyu na sani da aka ƙulla ta wannan hanya.

Ni kuwa ban so abin ba, gara in faɗi gaskiya. Kaset yana dawo mini da maiƙon miya da yashi. Wani ya manta bai juya ba ya yi gaisuwarsa a kan addu'ar Pasto. Akwai lokacin da na kwana biyu ina warware zaren da ya cukurkuɗe cikin manyeton Sarkin Yamma, na yanke inda ya taune, na liƙa da jan farce wuri huɗu, duk don wata tsohuwa ta lissafa jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin an koya mini sana'a ne don murya ta fita tas, su kuma suna ɓata mini aiki da tari da kukan awaki.

Sai aka yi abin da ya ba ni dama. Wata gwauruwa a taron su Mati ta danna ja, maimakon gaisuwa ta ce Mati ya ci mata iyakar gona taku uku, kuma duk mai jin muryarta shaida ne. Kaset ya bi tunga biyar kafin ya iso kunnen Pasto. Ko gaskiya ta faɗa ko ƙarya, ban sani ba, ban auna gonar ba. A daidai wannan lokaci kuma wasu masu taimako daga waje suka aiko mana da injin kwafi mai cin kaset uku a tashi ɗaya, kafin ka sha ruwa ya gama, da kaset kwali guda, da tsohuwar mobilet, wato ƙaramin babur.

Dattawa suka zauna ƙarƙashin itacen bedi a gidan Pasto, aka kira ni.

Pasto ya ce, "Yanzu Allah ya buɗa. Kowace tunga ta samu nata kaset, ba sai wani ya sha rana a hanya ba. Ayuba zai kai musu bisa mobilet. A cika gaba da baya da Maganar Allah."

Mati ya ce, "In an cika ma, Pasto, sai su danna jan nan su hau bisa wa'azin. Ka san mutanenmu. Ba yadda za a yi a ɗaure ma abin ga baki?"

Ba wanda ya tambaye ni kai tsaye. Ni na ɗaga hannu na ce akwai.

Ku da ba ku taɓa riƙe kaset ba, ku saurara. A gefensa na sama akwai wasu ƴan haƙora biyu na roba, kowanne bai kai ƙwayar dawa biyu ba. Muddin haƙorin yana nan, jan maɓalli zai shiga, a ɗauki murya. In ka karya shi ya bar rami, jan maɓalli ba zai danna ba ko ka hau kansa da ƙafa. Na ɗauko kaset na sa bakin turnabis, ƙas, ƙas, na miƙa wa Mati. Ya danna, ya danna, ya ƙi. Ya yi dariya har da tafi. Pasto ya ce, "Ka ga amfanin mai sana'a." A yammacin nan na zauna na karye haƙoran kwalin gaba ɗaya, tun da injin kwafi ba ruwansa da haƙori.

Shekarar farko kowa yabo yake. Murya tas, ba maiƙo, ba yashi. Ina zaga tunga shida cikin kwana biyu: in sauka, in goge kai da alkol, in ba da sabon kaset, in karɓi tsoho, in hau mobilet. Ko zama ba na yi. A taron dattawa aka ce ba a taɓa jin wa'azi da yawa a karkara kamar bana ba, kuma gaskiya ne. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, tun da ba kaset ɗin kaiwa, ba wanda ya sake takawa daga wannan tunga zuwa waccan. Manomi ba ya barin gona ya yi tafiyar yini haka kawai, sai da dalili a aljihu. Mu muka cire dalilin.

Ku ma yanzu ina ganinku kuna ƙirga mutum nawa suka kalli wa'azi cikin waya, kuna murna. Mu ma mun ƙirga.

Zuwana na biyu Tungar Arzika da sabon kaset, ina goge kai, tsohon ya tsuguna kusa da ni.

"Ayuba, jan nan ya ƙi."

"Haka sabbin suke, Baba."

"Turawa sun hana gaisuwa?"

"Ba su hana ba. Haka aka ƙera su."

Ya kalli hannuna. Ya ce, "To mutanen Safo fa? Mati?"

"Suna lahiya lau."

"Kai ka ce, ko su sunka ce?"

Na ce rana tana yi, ina da sauran tafiya. Ya ce in gaida su. Na ce to. Ban tuna ba sai da na wuce Safo a zagaye na gaba, kuma ban koma ba.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa. Duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi sama: pil, man mobilet, ƙarfen gyara. Masu taimako suka yi shiru. Mobilet ta lalace a hanyar Sarkin Yamma, na turo ta har gida, abin da ya karye a cikinta ba a samu ba, ta zama wurin kwanan kaji. Gero bai yi kirki ba a wajen Gabi, samari suka tsallaka Najeriya cin rani tun ba a gama ɗaure dami ba. Ni ma na koma kasuwa ina gyaran rediyon mutane don gidana ya ci. Tungayen kusa nakan leƙa bisa keke. Tungar Arzika ita ce mafi nisa, hanyar yashi ce, sai ka sauka kana tura keke. Na ce mako mai zuwa, na ce mako mai zuwa. Wata biyar ban je ba.

Gyaran ƙarshe da na yi a tungar nan shi ne na jan maɓalli. Na isa da hantsi, na yi sallama, Hannatu ta fito. Ba ta ce sannu da hanya ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta koma ɗaki ta fito da manyeto naɗe cikin zane ta ajiye gabana. Na buɗe. Jan maɓallin ya tsage biyu, rabi ya nutse ciki. A jikin robar akwai shaidar an sa wani abu mai ƙarfi an danna, kamar ƙotar wuƙa.

Na ce, "Wa ya yi wannan aika-aika? Ina Baba?"

"Baba ya kwana arba'in da wani abu a ƙasa."

Na ajiye turnabis.

Ta ce, "Mako bakwai ya yi kwance. Kullum sai shi ce, Hannatu, ɗauko abin nan, danna ja, in hwaɗa ma su Mati na kwanta. In danna, shi ƙi. Shi ce ba ki da ƙarhi, ba ni. Ran da ya karya shi, da wuƙata ya danna. Ya ce wataƙila tsatsa ce."

"Ko da ya ɗauka, wa zai kai?"

"Ni. Da na kai. Da kaset a hannu ai sai in tahi, kowa ya san abin da ya kawo ni."

"To mi ya hana ki tahi haka nan? Ko ku aika?"

Ta dube ni kamar na yi magana da wani yare. "In tahi in ce mi? Ku zo ku gaishe mu? Ana roƙon gaisuwa, Ayuba? Shekara biyu ba mu ga ƙahwar kowa ba sai tayarka. Mun ɗauka an yafe mu."

Na tambaye ta wa ya rufe shi. Ta ce ranar zafi ce, ba a jira. Ƙannensa masu bin gargajiya da maƙwabtansu Musulmi su suka yi gayya suka haƙa kabari, suka ɗauke shi. Matan gidan liman suka kawo fura kwana uku. Ba wanda ya san addu'ar da za a yi masa irin tamu, sai ita ta rera waƙa ɗaya da ta iya, muryarta ita kaɗai. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, har gobe. Sun yi abin da mutane ke yi.

Na ce, "Ran Lahadi fa? Kuna taruwa?"

"Su wa? Gidan Ɗan Tani sun ce wanda ya haƙa ma ubanka kabari shi ne naka, suna sallah yanzu. Gidan kawu sun koma wajen dangi. Samari suna Najeriya. Ni ce. Mutum ɗaya shina taro?"

Sai na yi abin da na iya. Na kwance manyeto, na ciro karyayyen maɓalli, na roƙi garwashi a murhunta na ɗora ƙarfe, na narka robar na haɗa, na ɗaure da siririyar waya. Na sa pil ɗin da na zo da shi. Kaset ɗin da ke ciki nawa ne, wa'azin Pasto kan ƙaunar ɗan'uwa, gaba da baya. Na yago ɗan gefen takardar da na ƙunso dalma, na dunƙule shi, na cusa cikin ramin haƙorin. Na mayar da kaset, na danna ja. Ya shiga sumul, zare ya fara juyawa.

Na ce, "Ga shi. Yi magana, ni zan kai da kaina."

Ba ta dubi manyeto ba. Ta sa hannu ta kashe, ta ciro kaset, ta juya shi, ta kai ɗan yatsa kan takardar.

"Wannan ɗan abin ne kurum?"

"Shi ne."

"Ba Turawa ba?"

"A'a."

"Ran da ya tambaye ka, ka sani?"

"Na sani."

Ta mayar da kaset cikin manyeto, ta naɗe da zanen kamar yadda ta fito da ita, ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Rana tana yi, kana da sauran tahiya." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na faɗa wa dattawa duka, ban rage ba, har da nawa. Mati ya sunkuyar da kai. Pasto ya tafi tungar da ƙafarsa ya yi ta'aziyya, Hannatu ta karɓe shi da mutunci, bayan damina ta koma wajen dangin uwarta, taron Tungar Arzika ya ƙare ke nan. Aka yanke a koma yadda ake yi da: kaset ɗaya, gefe ɗaya wa'azi, gefe ɗaya a bar wa jama'a, a riƙa kaiwa da ƙafa. Na zauna na cusa takarda cikin kowane ramin da na karya, ɗaya bayan ɗaya. Na bi tunga biyar da suka rage na nuna musu ja ya dawo aiki.

Kaset na farko ya fita daga Madarunfa, ya yi wata uku bai dawo ba. Ya maƙale a Safo, kowa yana cewa wani ya kai, hanyar ma an nome rabinta. Ni na bi shi bisa keke ina ɗauka daga nan ina ajiyewa can, har ya gama zagaye. Da na iso gida na juya bayansa, na sa a manyeto, na zauna na saurara daga farko har ƙarshe, rabin awa, ko wani ya yi tari. Shuuu kurum, har maɓalli ya tashi da kansa.